Ƙurajen fuska: shin abin da aka faɗa a taron likitocin fata ya isa hujjar shafa magani?

Sista Mai Ɗakin Magani ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a ɗakin shan magani na wata makarantar kwana ta 'yan mata, kuma idan aka cire zazzaɓin cizon sauro da ciwon mara, babu abin da ya fi kawo mini ɗalibai kamar ƙurajen fuska. Yawancinsu ba sa zuwa hannu rabbana, domin kowace tana dawowa daga hutu da man shafawar da ta saya a kemis ko a hannun masu talla a Instagram da TikTok, kuma sau da yawa abin da ya ja hankalinta shi ne cewar da mai tallan ya yi wai an gabatar da man a babban taron likitocin fata a Amurka ko a Turai, har ma da hoton zauren taron a bayansa.

Abin da nake son masu ilimin wannan fanni su warware mini shi ne matsayin irin waɗannan tarurruka. Idan an gabatar da magani a can, shin hakan na nufin an tabbatar da ingancinsa kuma ya dace da kowace irin fata, ko kuwa akwai wani mataki da ya rage? Sannan na ji labarin cewa an gano wani sinadari mai haddasa sankara a cikin benzoyl peroxide, wanda shi ne maganin da na fi bai wa ɗalibai shawarar amfani da shi saboda sauƙin samunsa, kuma wasu iyaye sun riga sun umurci 'ya'yansu su zubar da nasu. A ƙarshe ina neman bayani a kan yadda ya kamata yarinya 'yar shekara 14 zuwa 18 ta riƙa shafa waɗannan magunguna ba tare da ta ƙone fuskarta ba, domin ina ganin yara da dama waɗanda ƙurajen sun lafa musu amma baƙin tabon da ya biyo baya ya fi ƙurajen damunsu. Likitan fata mafi kusa da mu yana asibitin koyarwa, kuma ba kowane uba ne zai ɗauki ɗawainiyar tafiyar a kan abin da yake gani ƙurajen balaga ne kawai ba.

Likitan Fata ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Sista. Allah ya saka da alheri a kan wannan kulawa da kike yi wa yaran.

Tarurrukan da ake ambata na gaske ne, kuma suna da daraja. Mafi girma a cikinsu shi ne taron likitocin fata na duniya, wanda aka fara a birnin Faris a 1889, ake kuma yin sa yanzu duk bayan shekara huɗu: an yi a Milan a 2019, an yi a Singafo a 2023, na gaba kuma an tsara shi a Guadalajara ta ƙasar Meziko a 2027. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka, AAD, wadda aka kafa a 1938, tana yin nata kowace shekara, haka ma takwararta ta Turai, EADV, kuma a nan gida ƙungiyar likitocin fata ta Najeriya tana da nata taron shekara-shekara. Sai dai ya kamata a san abin da ke faruwa a cikin zauren. Akwai laccocin manyan malamai, akwai taƙaitattun rahotannin bincike da ake karantawa cikin 'yan mintuna ko a manna a jikin allo, sannan akwai wani makeken fili da kamfanoni ke biyan kuɗi su kafa rumfunansu suna nuna hajarsu. Wanda ya ce an gabatar da mansa a taro yana iya faɗin gaskiya alhali rumfa kawai ya kama haya. Ko rahotannin binciken ma ba a tace su da tsananin da ake tace maƙalar da za a buga a mujallar ilimi ba, kuma nazarin da aka yi a kan tarurrukan likitanci gaba ɗaya ya nuna cewa ƙasa da rabin irin waɗannan taƙaitattun rahotanni ne ke kaiwa ga a buga su cikakku daga baya.

Abin da likita ke dogara da shi wajen rubuta magani shi ne ƙa'idojin jinya da kwamitin masana ke fitarwa bayan ya tattara binciken shekaru ya auna ƙarfin kowanne. A kan ƙurajen fuska, hukumar NICE ta Ingila ta fitar da nata a 2021, AAD kuma ta sabunta nata a 2024. Idan kika duba su za ki ga cewa magungunan shafawar da suka fi samun goyon baya tsofaffi ne: benzoyl peroxide, da dangin retinoyid irin su adapalene da tretinoin, da antibayotik na shafawa idan an haɗa shi da wani. Tretinoin tun 1971 aka amince da shi a Amurka, adapalene kuma tun 1996, har aka yarda a sayar da mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari ba tare da takardar likita ba a 2016. Sabon magani irin clascoterone, wanda aka amince da shi a 2020 aka kuma yi ta maganarsa a tarurruka, goyon baya mai sharaɗi kawai ya samu a ƙa'idar 2024. Saboda haka sabuntar magani da yawan ambatonsa ba su ne ma'auni ba.

Game da yadda ake shafawa, a nan ne ake yin yawancin ɓarnar, kuma sai an fahimci yadda ƙurjin ke tasowa kafin a gane dalilin ƙa'idojin. Ƙofar gashi ce ke toshewa da matattun ƙwayoyin fata da maiƙo, wanda balaga ke ƙara yawansa, sai wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, daga nan kumburi ya biyo. Toshewar tana farawa makonni kafin ido ya ga ƙurji. Wannan ne ya sa retinoyid ba maganin ɗigawa a kan ƙurjin da ya riga ya fito ba ne. Ana shafa shi ne siriri a duk yankin da ƙurajen ke fitowa domin a hana na gaba. Abin da ya kai girman ƙwayar wake ɗaya ya ishi fuska duka. A wanke fuska da sabulu marar zafi, a bari ta bushe sarai, a shafa da dare, a kauce wa gefen ido da kusurwar hanci da leɓe. A makonnin farko kada a shafa kullum, sau biyu ko uku a mako ya isa, sannan a ƙara a hankali gwargwadon yadda fatar ta karɓa.

Benzoyl peroxide yana zuwa da ƙarfin kashi 2.5, da 5, da 10 cikin ɗari, kuma yara kan zaɓi na goma da zaton ya fi saurin aiki. Tun shekarun 1980 aka gwada aka ga na 2.5 yana rage ƙuraje masu kumburi kamar yadda na 10 ke yi, amma bai kai shi ƙona fata ba. Wadda fatarta ba ta jure shi tana iya shafawa ta bar shi na ɗan lokaci sannan ta wanke. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa wasu 'yan tsiraru na samun mummunan borin jiki daga irin waɗannan magunguna, ta kuma ba da shawarar a fara gwada ɗan kaɗan a ƙaramin wuri na kwana uku. Idan fuska ko leɓe ya kumbura, ko maƙogwaro ya shaƙe, ko numfashi ya yi wuya, wannan maganar asibiti ce ta gaggawa. Ki kuma gaya musu cewa yana cin launin tufafi, domin yarinyar da ta ga hijabin makarantarta ya yi dabbare-dabbare za ta daina maganin ba tare da ta sanar da ke ba.

Baƙin tabon da kika ambata shi ne babban bambancinmu da mutanen da aka yi yawancin gwaje-gwajen a kansu. Fata mai duhu tana mayar da martani ga duk wani kumburi da ƙarin launi, ko kumburin daga ƙurji ya zo, ko daga matsa shi da farce, ko daga maganin da aka zabga fiye da kima, kuma tabon kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Jan da Bature zai yi na kwana biyu ya wuce, a wurin ɗalibarki yana iya zama tabon rabin shekara. Wannan giɓi ne ya sa Dakta Susan Taylor ta kafa ƙungiyar nazarin fata mai launi a Amurka a 2004, kuma shi ya sa nake ganin tarurrukan da ake yi a nahiyarmu, irin wanda cibiyar horar da ma'aikatan fata ta Moshi a Tanzaniya ke shiryawa, sun fi kusa da abin da ke zuwa gabanmu a ɗakin duba marasa lafiya. Ki kuma shirya zukatansu tun farko: ba a yanke hukunci a kan waɗannan magunguna kafin mako 8 zuwa 12.

Mai Harhaɗa Magani daga Sakkwato ya rubuta:

Salamu alaikum. Likita, ranka ya daɗe, ka bar mana batun sinadarin sankara, kuma da yake ajiyar magani sana'armu ce, bari in ɗauke shi.

A watan Maris na 2024, kwanaki kaɗan kafin taron AAD na waccan shekarar a San Diego, wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Amurka mai suna Valisure ya kai koke gaban FDA cewa benzoyl peroxide yana iya rikiɗewa ya saki benzene, musamman idan ya ji zafi. Benzene sinadari ne da ake samu a fetur da hayaƙin sigari, kuma an daɗe da tabbatar da alaƙarsa da sankarar jini ga masu shaƙarsa na tsawon lokaci. Sun ajiye magungunan a ma'aunin zafi 37, da 50, da 70, suka ga adadin yana hauhawa yayin da zafin ke ƙaruwa. Labarin ya karaɗe duniya tun kafin wasu masana su sake gwajin da kansu, wanda shi ne ainihin abin da Likita yake nufi da bambancin sanarwa da tabbatarwa. Shekara guda bayan haka, a Maris na 2025, FDA ta bayyana sakamakon nata gwajin a kan magunguna 95: fiye da kashi 90 cikin ɗari ba a ga benzene a cikinsu ba ko kuma abin da aka gani bai taka kara ya karya ba, guda 6 ne aka samu da adadin da ya haura, kamfanoninsu kuma suka janye su daga kantuna. Hukumar ta ce ko da mutum ya yi shekaru yana shafa waɗannan ɗin kullum, haɗarin kamuwa da sankara daga gare su ƙanƙani ne ƙwarai.

Duk da haka ba na son mu ɗauki wannan kwantar da hankali mu haɗiye ba tauna. Masu suka a Amurka sun ce ma'aunin zafi 50 ba yanayin da magani ke zama a ciki ba ne, kuma gaskiyarsu ce a ƙasarsu. Amma duk wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu ya san zafin inuwa ma yana wuce 40, ballantana cikin kantin kwano da babu fanka, ko bayan motar kaya da ta kwana biyu a hanya daga Legas, ko akwatin ƙarfen ɗaliba a ɗakin kwanan da rana ke duka tun hantsi. Yawancin kwalayen an rubuta a ajiye su ƙasa da ma'aunin 25 ko 30. Mu ne mutanen da gwajin zafin ya fi kama da rayuwarsu.

Shawarata, Sista, ita ce kada a zubar da maganin saboda tsoro, amma a canza yadda ake sayensa da ajiye shi. A saya a kantin magani mai rajista wanda yake sanyaya ɗakinsa, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a ɗauki ƙaramin bututu wanda zai ƙare cikin wata biyu zuwa uku maimakon babba da zai shekara. Idan ɗakin maganinki yana da firji, ya fi kyau ɗalibai su rubuta sunayensu su ajiye a wurinki, muddin ba a sa shi a gidan ƙanƙara ba. Wanda ya kwana a mota ko ya daɗe a taga, a jefar da shi. Akwai ma haɗin benzoyl peroxide da antibayotik da ƙa'idarsu tun asali ita ce zama a firji a kantin magani, kuma wa'adinsu gajere ne bayan an miƙa wa mai saye, amma ba kowane mai kemis ne ke karanta wannan ba.

Tunda na ambaci antibayotik, abin da ya fi benzene tayar mini da hankali shi ne yadda ake sayen clindamycin ko erythromycin na shafawa shi kaɗai, a yi ta amfani da shi wata da watanni. Ƙwayar cutar tana sabawa da shi har ya daina yi mata komai, kuma wannan bijirewa tana iya yaɗuwa zuwa wasu ƙwayoyin da ke fata. Ƙa'idojin da Likita ya ambata sun haɗu a kan cewa ba a ba da antibayotik na shafawa shi kaɗai, sai tare da benzoyl peroxide ko retinoyid, kuma a sake dubawa bayan mako 12. Benzoyl peroxide shi ne wanda har yau ba a ga ƙwayar ta bijire masa ba, saboda haka idan tsoro ya sa muka kore shi, antibayotik ɗin muka bari ba mai tsaronsa.

Hajiya Ungozoma daga Maraɗi ta rubuta:

Ina gaishe ku baki ɗaya. Ƙanwata Sista, bayanin malaman nan biyu ya gamsar, amma ina ganin sun yi magana a kan magungunan da ke cikin littafi, alhali abin da ke cikin jakar yawancin 'yan matanmu wani abu ne dabam. Kafin ki koya wa yarinya yadda za ta shafa adapalene, ki ce ta kawo miki duk abin da take shafawa, ki karanta jikin kowanne. Zan yi mamaki idan ba ki ga clobetasol ko betamethasone ba, waɗanda dangin sitiroyid ne masu ƙarfi na kwantar da kumburi, ko kuma man nan mai haɗi uku da ke ɗauke da sitiroyid da maganin ƙyasbi da antibayotik a bututu ɗaya. A nan wajenmu ana samun su a tiren masu tallar magani a kasuwa, kuma kaya iri ɗaya ne ke ƙetare iyaka tsakaninmu da Katsina. Mafi muni shi ne haɗin da masu gyaran jiki ke damawa a roba babu suna babu kwali, wanda ba mai iya gaya miki abin da ke ciki.

Sitiroyid yana yaudara ne domin a makon farko yana kwantar da ja da kumburi, fuska ta yi haske, yarinya ta ce ta samu magani. Bayan haka sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, gashi ya tsiro a kumatu, wasu ƙananan ƙuraje masu kama da juna su feso a goshi da ƙirji, kuma duk ranar da ta daina sai fuskar ta yi zafi ta ɓaci fiye da da, ta koma ta sake saye. Likitocin fata na Indiya sun yi shekaru suna yaƙi da wannan a ƙungiyance, domin matsalarsu da tamu kusan ɗaya ce, kuma da za a tambaye ni darasin taron da ya fi dacewa da mu, nasu zan nuna. Idan an haɗa da hydroquinone na bilicin aka daɗe ana shafawa, sai a samu wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu wanda gyaransa yake da matuƙar wuya.

Sai batun da ya shafi aikina. Wasu daga cikin ɗalibanki na ajin ƙarshe za a ɗaura musu aure ba da daɗewa da kammala makaranta ba, kuma za su tafi ɗakunansu da maganin da suka saba da shi. A 2018 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yanke cewa kada mai juna biyu ko mai shirin ɗaukar ciki ta shafa retinoyid, ko da yake abin da ke ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne, domin illar da danginsa na sha ke yi wa ɗan tayi sananniya ce. Na shan, wato isotretinoin, yana haddasa mummunar nakasa ga jariri, kuma bai kamata ya shiga hannun kowa ba sai ƙarƙashin kulawar likita. Wadda ta gano tana da ciki alhali tana shafa adapalene ko tretinoin, ta daina nan take ta gaya wa ma'aikatan awo, ba tare da ta firgita ba. Azelaic acid, mai ƙarfin kashi 15 ko 20, shi ne wanda aka fi natsuwa da shi ga mai ciki, kuma yana taimakawa wajen dusar da tabo.

Sista Mai Ɗakin Magani ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Hajiya, abin da kika faɗa haka yake, domin man mai haɗi uku yana cikin abin da na fi karɓewa daga hannun yara. Tambayata ga Likita ita ce yadda zan yi da wadda ta riga ta yi watanni tana shafa sitiroyid: in sa ta daina rana ɗaya in ba ta benzoyl peroxide a madadinsa, ko akwai wata hanya? Sannan hunturu yana tafe, lokacin da ko ba magani fuskokinsu ke yin furu-furu, kuma suna dogara da basilin da man kaɗanya. Firji kuwa muna da shi, amma wutar ba ta tsayawa.

Likitan Fata ya rubuta:

Sista, kada ki ɗora benzoyl peroxide ko retinoyid a kan fuskar da sitiroyid ya riga ya sirantar, domin za ta ƙone, yarinyar kuma za ta ɗauka ke kika ɓata mata fuska ta koma wa tsohon manta. Wadda ta yi mako ɗaya ko biyu tana shafawa tana iya dainawa kai tsaye. Wadda ta yi watanni, musamman da clobetasol, ita ce ya kamata ki dage wa iyayenta a kai ta wurin likita, domin wani lokaci sai an sauko da ita mataki-mataki zuwa mai rauni ko an musanya da wani magani, kuma idan ta daɗe tana shafe jiki duka da shi, sitiroyid ɗin yana iya shiga jini ya taɓa aikin wasu sassan jiki. Abin da za ki iya yi a ɗakinki shi ne ki gaya mata gaskiya tun farko cewa fuskar za ta tsananta na wasu makonni kafin ta lafa, ki hana ta goge-goge da soso, da lemun tsami, da man goge baki, da duk sabulun da ke sa fata ta yi ƙaiƙayi, ki bar ta da wanki mai sauƙi sau biyu a rana da man laushi marar turare. Sai zafin da jan sun kwanta sannan a fara maganin ƙurajen, shi ma da mafi rauninsa.

A lokacin hunturu a rage yawan kwanakin shafa retinoyid, kuma babu laifi a fara shafa man laushi sannan a ɗora maganin a kai. Basilin da man kaɗanya sun dace da leɓe da hannu da ƙafa, amma a fuskar mai yawan maiƙo gara mai ruwa-ruwa wanda aka rubuta cewa ba ya toshe ƙofofin gashi. Ki kuma lura da wadda ƙurajenta suka taru a goshi da gefen kunne kaɗai, domin sau da yawa man kitso ne ke gangarowa, ga kuma gumi da gogayyar bakin hijabi; tun 1970 aka bayyana wannan nau'i a rubuce-rubucen likitanci, kuma maganinsa na farko shi ne nisanta man gashi daga fuska da yawaita wanke hular da ke ƙarƙashin hijabin. Man kariya daga rana yana da amfani ko ga baƙar fata, domin rana ce ke ƙara wa tabo duhu, retinoyid kuma yana sa fata ta rage jure ta. Idan yarinya tana amfani da tretinoin da benzoyl peroxide duka biyu, ɗaya da safe ɗaya da dare, saboda na biyun yana lalata na farkon idan suka haɗu. Adapalene bai da wannan matsala, shi ya sa ake sayar da su a haɗe.

A kan firji, na yarda da Malam cewa zafinmu ya sa maganar ta fi shafarmu, amma ba zan so rashin wuta ya zama dalilin hana yara magani ba. Firjin da ke rufe yana riƙe sanyi na sa'o'i bayan an ɗauke wuta, kuma ko kabad a ɗakin da rana ba ta duka ya fi akwatin ƙarfe nesa ba kusa ba. Ƙaramin bututu da saurin ƙarewa sun fi komai muhimmanci.

Akwai waɗanda man shafawa ba zai wadatar da su ba komai kyan shafawar, kuma jinkiri a kansu yana barin tabon da ba ya gogewa: mai manyan ƙuraje masu zurfi da ciwo, da wadda fatarta ta fara yin ramuka ko tudun tabo a haɓa da ƙirji, da wadda ƙurajen suka haɗu mata da rikicewar al'ada da tsirowar gashi a haɓa, da wadda ta daina shiga cikin 'yan'uwanta ko ta fara ƙin zuwa aji saboda fuskarta, da kuma wadda ta cika mako 12 tana bin ƙa'ida ba a ga canji ba. Idan za ki rubuta wa iyayen irin waɗannan takarda, ki jera sunayen duk abin da yarinyar ta shafa da tsawon lokacin da ta yi tana shafa kowanne, ki kuma ce su tafi da bututan da robobin gaba ɗaya, har da waɗanda ba su da suna.